Amsa ga ɗan wasan Bauchi da ƙwaya ta kama

"Anti, barka da aiki. Ni ɗan wasan kwaikwayo ne a nan Bauchi, shekaruna 28. Na faro daga diramar makaranta, yanzu ina fitowa a fina-finai masu dogon zango da ake sakawa a YouTube, wani lokaci a kira ni aiki Jos ko Kano. Tun ina sakandare na gane cewa zuciyata maza take so, ban taɓa jin sha'awar mace ba. Na yi azumi, na sha rubutu, na yi kuka a sujada, abin yana nan. Ba wanda ya sani a gidanmu. Shekara 4 da suka wuce wani abokin aiki ya ba ni tramol a lokeshan don in jure aikin dare, ranar ce na fara jin zuciyata ta yi shiru. Yanzu ba na iya tashi sai da shi, da dare kuma sai na sha roci nake samun barci. Na taɓa faɗuwa a ɗaki jikina yana jijjiga. Sau biyu ina bari ina komawa. An fara cire ni a aiki saboda mantuwa. Hajiyarmu ta matsa in yi aure, ta ce shi zai nutsar da ni. Wani lokaci sai in ga mutuwa ta fi mini sauƙi. Akwai maganin da zai canza ni? In babu, yaya zan zauna da kaina?"

Ƙanena, na karanta wasiƙarka, kuma ban ji ƙyamarka ba ko kaɗan. Abin da na ji shi ne tsoro, saboda maganar mutuwar da ka sako kusa da ƙarshe. Da ita zan fara, sauran duk za su iya jira.

Duk daren da tunanin nan ya taso maka da ƙarfi, kada ka zauna kai kaɗai a ɗaki da ƙwayoyi a kusa da kai. Fito tsakar gida, je ɗakin ɗan'uwanka, ko ka kira aboki ya zo ya kwana a wurinka. In ka ji ka fara shirya yadda za ka yi, ka hau Keke Napep ka tafi sashen gaggawa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa, ko da ƙarfe biyu na dare ne. Abin da za ka faɗa musu kaɗan ne: ina shan ƙwaya, kuma ina jin zan cutar da kaina. Ba sai ka buɗe musu sirrinka kafin su duba ka ba. Ka kuma sani cewa wani ɓangare na wannan duhun ƙwayar ce take kawo shi. Wanda ya daɗe yana shan tramol da roci, ciwon damuwa yakan lulluɓe shi har ya riƙa ganin babu mafita ta ko'ina, kuma ciwon damuwa yana da magani.

Faɗuwar nan da ka yi kana jijjiga, gargaɗi ne babba. Tramol yana jawo farfaɗiya idan ya yi yawa a jiki, ko ga wanda bai taɓa yin ta ba. Abin da likita yake rubutawa na miligram 50 ne ko 100, kuma iyakar da aka yarda babban mutum ya sha a yini ita ce 400. Wanda ake sayarwa a bayan fage sau da yawa na 225 ne, wato biyu kawai sun wuce iyaka, ba a ma maganar abin da aka cuɗa a ciki. Haɗa shi da roci ya fi komai haɗari, domin su biyun duka suna rage numfashi. Wasu daga cikin samarin da ake cewa sun kwanta lafiya an wayi gari babu su, irin wannan haɗin ne.

Amma kada ka karanta wannan ka tashi gobe ka zubar da komai a masai. Na san zuciya za ta so haka, ta ce yau na tuba na gama. Roci yana cikin magungunan da yanke su rana ɗaya yake iya jefa mutum cikin farfaɗiya da ruɗewa, har ya kai ga rasa rai. Ana rage shi ne kaɗan-kaɗan, cikin makonni ko watanni, a hannun likita. Shi kuma tramol, in aka bar shi, cikin yini ɗaya jiki yake fara kuka: ciwon gaɓoɓi, zufa, gudawa, hamma da hawaye, ƙafafu su ƙi zama wuri ɗaya, barci ya ƙaurace. Abin yakan kai maƙura a kwana na biyu zuwa na uku, ya fara sauƙi bayan mako guda ko kwana goma. Saboda tramol yana taɓa sinadaran ƙwaƙwalwa masu daidaita walwala, yakan bar mutum da faɗuwar gaba da ƙunci na makonni bayan jiki ya lafa. Komawar da ka yi sau biyu, wannan ne ya mayar da kai. Ka yi ƙoƙarin ɗaukar abin da aka tanadi likitoci da magunguna domin shi, kai kaɗai, a ɓoye, kana kuma fita aiki. Ban ga ragwanci a nan ba.

Abu ɗaya ka riƙe da kyau: bayan mutum ya yi makonni bai sha ba, jikinsa ba ya iya ɗaukar adadin da ya saba a da. In tuntuɓe ya zo ka koma kan tsohon adadi, shi ne lokacin da ƙwaya ta fi kisa.

Inda za ka je shi ne sashen likitocin ƙwaƙwalwa. A Bauchi akwai shi a asibitin koyarwar da na ambata. In kana tsoron idon sani, tun da fuskarka ana ganin ta a waya, akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya a Gombe, akwai na Jami'ar Jos, akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna da Maiduguri. Kai da kake zuwa Jos aiki, ba wanda zai tambaye ka me ya kai ka. Hukumar NDLEA mai yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi ma tana da layin kyauta, 0800 1020 3040, wanda aka buɗe domin masu neman shawara kan shaye-shaye. In ka kira, ka tsaya kan maganar ƙwaya kawai. Kada kunyar kalmar "asibitin mahaukata" ta hana ka. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 a Najeriya sun sha wani abu a shekarar da ta gabace shi, miliyan 4.6 daga cikinsu irin su tramol ne. Likitocin nan kullum irinka suke gani, malamai da direbobi da matan aure da ɗalibai.

Inda ba za ka yarda a kai ka ba shi ne gidan mari. In Hajiya ta gano maganar ƙwayar, wani daga cikin dangi zai kawo wannan shawarar, da kyakkyawar niyya. Ka tuna abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba na 2019, mutum sama da 300, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya. Mari ba ya rage wa mutum roci a hankali, kuma wanda ya shiga yana ƙin kansa, da ƙin kansa ninki biyu yake fitowa.

Ga likita, ka faɗi gaskiyar ƙwaya duka: wace iri, nawa a yini, tun yaushe, da faɗuwar da ka yi, da tunanin mutuwa. In ka rage adadi don kunya, zai auna maka magani ba daidai ba. Ka nemi gwajin HIV da ciwon hanta, abu ne da ake yi wa masu wannan jinya ba tare da wata doguwar tambaya ba. Maganar zuciyarka kuwa, ba dole ba ne ka faɗe ta ranar farko. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta wajabta wa ma'aikatan asibiti riƙe sirrin majinyaci sai a 'yan wurare kamar umarnin kotu, amma ma'aikaci mutum ne, wani yana da amana wani ba shi da ita. Ka fara da cewa akwai wani abu game da kanka da ya daɗe yana sa ka tsani kanka. Ka ga yadda ya karɓa. In ya saurara, ka ƙara. In ya fara maka wa'azi kafin ka rufe baki, ka karɓi maganinka ka nemi wani.

Yanzu tambayarka. Babu maganin da zai canza ka, kuma ba zan yi maka ƙarya don in faranta maka ba. Babu allura, babu ƙwaya, babu hayaƙi, babu tsimi. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta cire son jinsi daga jerin cututtuka tun 1973, Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi haka a 1990. An yi shekaru ana gwada hanyoyin juya mutane, wasu na azaba, abin da aka gani shi ne sha'awar tana nan, damuwa da yunƙurin kashe kai ne suke ƙaruwa. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya raba ka da abin cikin kwana bakwai, kuɗinka zai ci, sannan ya riƙe sirrinka a hannunsa. Kai shaida ne a kan kanka: tun kana yaro ka tarar da abin a zuciyarka, ba ka je kasuwa ka zaɓo shi ba, kuma ka fi shekara goma kana yaƙi da shi da duk abin da ka sani.

Ni ba malama ba ce, ba zan ba ka fatawa ba. Ka san abin da malamai suke faɗa game da aikata wannan abu, ka ji shi a mumbari tun kana ƙarami, ba sai na maimaita ba. Amma malaman nan su ne kuma suka karantar da mu cewa ba a kama bawa da abin da ya ɗarsu a zuciyarsa ba da zaɓinsa ba. Kai ka haɗa komai ka yanke wa kanka hukunci cewa kasancewarka a duniya ma laifi ne, wannan hukuncin kuwa ba wanda ya ba ka shi. Akwai hadisi a Bukhari da nake so ka riƙe, domin kamar da kai ake. Wani sahabi ne mai ban dariya, yakan sa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, dariya, kuma giya ta kama shi, ana ta kawo shi ana hukunta shi. Ranar da wani ya tsine masa saboda yawan kawo shi da ake yi, Annabi ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. Mai ba mutane nishaɗi, mai faɗuwa yana tashi, ba a kore shi daga cikin jama'a ba. Aya ta 53 a Suratuz Zumar kuma ta hana waɗanda suka yi wa kansu ɓarna yanke ƙauna daga rahamar Allah. Saboda haka kada ka bar salla don kana ganin ba ka cancanci tsayawa a gabanSa ba. Yadda za ka tafiyar da rayuwarka tsakaninka da Ubangijinka tambaya ce mai nauyi, za ka daɗe kana juya ta, kuma sai mai rai da hankali a jikinsa yake iya juya ta.

Abin da na fi so ka gane daga wasiƙarka shi ne kalmar da ka faɗa da bakinka, cewa ranar da ka sha tramol zuciyarka ta yi shiru. Abokan aikinka don gajiya suke sha. Kai don wata murya kake sha, wadda take zaginka tun kana sakandare, tana ce maka ƙazami, munafuki, abin kunyar Hajiya. Ƙwayar aiki take yi maka, tana rufe bakin muryar nan na 'yan awoyi. Shi ya sa in an wanke jininka tas a asibiti ka fito da muryar yadda take, za ta sake tura ka wurin mai sayarwa. Jinyar biyu ce, tare ake yin su.

Ka fi ni sanin aikinka. A lokeshan kana shiga rigar wani mutum, ka yi kukansa ka yi dariyarsa, darakta ya ce "kat", ka ajiye shi ka koma kanka. Kai kuwa akwai rawar da kake takawa a gida, a majalisa, a gaban abokai in ana hirar 'yan mata, wadda ba a taɓa ce maka "kat" ba. Har in ka rufe ƙofa kai kaɗai ba ka ajiye ta, domin ko a gaban kanka ba ka yarda ka tsaya yadda kake ba. Ba ɗan wasan da zai yi shekara goma sha a cikin fitowa ɗaya bai faɗi ba. Karɓar kai da kake tambaya a kai daga nan take farawa: wuri ɗaya a duniya, ko da cikin ƙirjinka ne kawai, inda za ka ce haka nake, ban zaɓa ba, kuma ba zan ƙara zagin kaina a kai ba. Da farko za ka faɗa ba ka yarda ba. Ka ci gaba da faɗa. In muryar ta taso, ka tambayi kanka ko za ka iya jifan ƙaninka da waɗannan kalmomin in shi ne ya zo maka da wannan kukan. Masanin halayyar ɗan Adam zai iya koya maka yadda ake kama irin wannan tunanin tun yana tasowa, ka nemi likita ya haɗa ka da ɗaya.

Sai dai ka bambanta karɓar kai da shelanta kai. Za ka ga 'yan wasan Amurka da Ingila suna fitowa a talabijin suna bayyana kansu ana tafa musu, suna cewa ranar ce suka warke. Ƙasarsu daban, dokarsu daban. A nan, dokar da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi, da shekara 10 ga shiga ƙungiya ko nuna irin wannan soyayya a fili. Jihar Bauchi tana aiki da dokar hukunta laifuka ta shari'a tun 2001. A 2014 an kama mutane a garin nan, har jama'a suka yi wa kotu ruwan duwatsu suna neman a yanke wa waɗanda ake tuhuma hukuncin kisa. A 2022 wata kotun shari'a a Ningi ta yanke wa mutum uku hukuncin kisa. Na kawo waɗannan ne don ina so ka rayu. Ɓoye sirrinka ga wanda zai cutar da kai hankali ne, kada ka lissafa shi cikin munafunci.

Ƙwaya kuma ita ce babbar mai tona asiri. Wanda ya yi caji yana sakin baki, yana tura saƙon da ba zai tura da hankalinsa ba, yana bin wanda bai sani ba. Akwai masu kafa wa irinka tarko a waya, su ja mutum da hira, su nemi hoto, su kira shi wani gida, daga nan sai duka da ƙwace da barazanar tura wa dangi. Kai da aka san fuskarka ka fi kowa tsada a wurinsu. Kada ka tura hoto, kada ka je ganin wanda ka sani ta waya kawai, ka sa wa wayarka makulli. In wani ya riga ya fara karɓar kuɗi a hannunka, ka sani biya ba ya ƙarewa. Ka nemi lauya mai kare haƙƙin ɗan Adam, akwai masu karɓar irin wannan ƙara cikin sirri.

Maganar aure, a nan zan tsaya da ƙarfi. Kada ka auri 'yar mutane a matsayin magani. Hajiya tana faɗin abin da ta sani ne, ta ga ɗanta yana ramewa, idonsa ya canza, ba ta san dalili ba, sai ta kama abin da iyaye suke kamawa. Amma yarinyar da za a kawo maka da kayan ɗakinta da burinta, ba ta yi laifin komai ba. Za ta kwana tana tambayar kanta me ta rasa, ta sha magungunan mata, ta je wurin malamai, ta zargi kishiyar da babu ita. Kai kuma za ka ƙara wata rawar a kan wadda ta riga ta gajiyar da kai, ƙwayar ta ƙaru. Kana da amsar da za ka ba Hajiya wadda gaskiya ce tsantsa: ba ka da lafiya, kana ganin likita, ba za ka ɗauko 'yar wani a wannan hali ba. Ina ganin ya kamata ta san maganar ƙwayar, ko ita ko wani babba a gidan da ka yarda da shi, domin kana bukatar mai raka ka asibiti da mai riƙe maka magani. Za ta yi kuka, wataƙila ta yi faɗa. Ya fi mata sauƙi ta ji daga bakinka da ta ji daga bakin wanda ya tsince ka a ƙasa.

Aikinka kuma bai mutu ba. Mantuwar nan aikin roci ce, an san shi da goge abin da mutum ya haddace, kuma ƙwaƙwalwa tana dawowa a hankali in an rabu da shi. Ka ɗauki hutu na makonnin farko, ka ce wa furodusa jinya kake yi, ba wanda yake bin ka bashin bayani fiye da haka. In ka dawo, ka guji aikin kwana na ɗan lokaci, ka ci abinci kafin a fara ɗauka, ka kuma san abin da za ka ce in an miƙo maka, tun kafin a miƙo. "Likita ya hana ni, na taɓa faɗuwa" ta isa. Abokin da ya fara ba ka, ba sai ka yi gaba da shi ba, amma kada ku ƙara kwana ɗaki ɗaya a lokeshan, ka kuma goge lambar mai sayar maka. Kuɗin sallama in ya shigo, kada ya kwana a aljihunka a watannin farko, ka ba wanda ka amince da shi ya riƙe.

Za ka so a ce akwai mutum ɗaya da ya san ka duka, ƙwayar da zuciyar, bai gudu ba. Wannan bukata ce ta gaskiya, kuma tana warkarwa ƙwarai. Kada ka yi gaggawar neman sa, kada kuma ka zaɓe shi kana cikin maye ko cikin kuka. Ka lura da wanda bai taɓa kawo maka sirrin wani ba, wanda in ana yaga wani a majalisa shi yakan yi shiru ko ya kare shi. Wataƙila likitanka ne zai zama na farko. In ka sake zamewa a hanya, kuma da yawa suna zamewa kafin su tsaya, ka koma asibiti washegari, kada ka jira sai ka tara kunya.

A wannan makon, ka rubuta a takarda abin da kake sha da adadinsa na kowace rana, kada ka ƙara kada ka yanke, ka daina haɗa su a lokaci guda gwargwadon iko, ka je ka yanki kati. In ka ga likita ka sake rubuto mini, ina so in ji abin da ya ce da yadda ka kwana. Allah Ya ba ka lafiya, ƙanena.